Yadda Rabe Ya Rasa Ƙafarsa

Ku ƴaƴana, da ku ƴaƴan ƙanena Rabe, yawancinku kun buɗe ido kun tarar da shi da ƙafa ɗaya da sanda, kuma dukanku labari ɗaya aka ba ku: wai ƴan wata jam'iyya ne suka jefe shi da dutse a Jiratawa ranar tarbar ɗan takara, ya faɗi da babur. Na ji kuna ba naku ƴaƴan haka, har an fara ƙara wa zancen gishiri, wai ruwan duwatsu aka yi. To, ko tsakuwa ba a jefa ba. Ina wurin, a bayansa nake zaune. Yau Rabe ya riga mu gidan gaskiya, Inna ta tafi, Barira matarsa ta tafi, babu sauran wanda ya san abin da ya faru sai ni Lawali. In na bi su da shi a cikina, ƙaryar ta zauna ke nan. Shi ya sa na ce a kawo takarda, in faɗa a rubuta, kuma kada mai rubutun ya gyara mini komai.

Shekarar da soja suka sassauta, aka ce kowa na iya kafa jam'iyyarsa, Maraɗi ta rikice. Duk bishiyar da ka duba an rataya mata tuta, duk teburin mai shayi ya zama majalisa. Ma'aikata yau suna aiki gobe suna yaji, lakwal, wato makarantar boko, ta fi daɗewa a rufe da a buɗe, kasuwa kuwa ta yi sanyi ƙalau. Ni rumfar hatsi gare ni, gero da dawa da wake. Ban yi lakwal ba, ban taɓa riƙe ko mabuɗin masallaci ba. Sai ga wani Alhaji mai kamyo-kamyo, manyan motocin ɗaukar kaya, a unguwarmu, wanda shi ne uban jam'iyyarmu a wajen, ya kira ni gaban jama'a ya ce daga yau ni ne shugaban ƴan babur na reshe. Ni da ko keke sai an riƙe mini! Dalilinsa a fili yake: ina da baki, kuma ƙanena ɗan kabu-kabu ne wanda sauran masu haya da babur ke jin maganarsa. Amma a lokacin ban ga haka ba, na ɗauka cancantata ce aka hango. Aka fara ce mini Shugaba. In aka kira ni Lawali a hanya sai in yi kamar ban ji ba. Kaina ya kumbura har hular ta yi mini kaɗan.

Rabe kuwa ba ruwansa da siyasa. Na girme shi da shekara shida, kuma tun da mahaifinmu ya rasu ni nake gaba a gidan. Mutum ne marar yawan magana, irin wanda za ku yini tare ka ƙirga kalmominsa da yatsu. Da can noman rani yake a ƴar gonar da aka bar mana a fadamar Jiratawa. Da albasa ta yi kwantai shekara biyu a jere, sai ya sayar da shanun huɗarsa ya sayi babur. Babur ɗin nan da ƙafafunsa biyu su ne abincin gidansa: Barira, da yara uku a lokacin, da Inna wadda ta fi son tuwon Barira a kan na gidana. Tun safe yana hanya, Maraɗi zuwa Tsibiri, Maraɗi zuwa Jiratawa, ya ɗauko mai kwandon tumatir, ya kai mai jinya likita, ya dawo da malamin lakwal.

A watansa na biyu da fara haya ya faɗi a rairayin hanyar Tsibiri. Ba gudu yake ba, amma fatar gwiwa ta kwashe, salansa kuma ta lashe masa ƙwauri. Kwana goma sha biyu bai fita ba, kwana goma sha biyu Barira tana dabarar abin da za a sa a tukunya. Ranar da ya miƙe, kafin ya taɓa babur sai da ya tafi neman wando. Ya biyo ta rumfata ya ce in raka shi, don layin ƴan bosho, masu kayan gwanjo, a bayana yake. Ban taɓa ganin mutum ya zaɓi tufa kamar mai sayen saniya ba sai ranar. Ya ɗaga wando ya duba shi a rana, in haske ya ratsa ya ajiye. Ya kama da hannu biyu ya ja, ya murza, ya juya ciki ya bi ɗinkin da farce. Wanda ya tsallake wannan sai ya zaro zare ɗaya daga cikin kalmasa, ya ƙyasta ashana ya kara masa. In zaren ya ci ya zama toka, auduga ce, ya ware shi gefe. In ya dunƙule ya yi baƙin ƙullutu yana warin roba, leda ce, ko sake kallonsa ba ya yi. Mai kayan yana ta ɓaɓatu wai za a ƙone masa rumfa, ni kuma na gaji da tsayuwa.

"Kai Rabe, gaisuwar surukai za ka da shi ko mi?"

"Yaya, wanga ba don a gan ni ba ne. Don ranar da zan hwaɗi ne."

"Wa ya ce maka za ka sake hwaɗuwa?"

"Duk mai hawa zai hwaɗi. Ranar ce ba a sani ba."

Can ƙasan tulin ya tono wani wando mai launin ƙasa, irin na masu aikin ƙarfe a ƙasar Turawa, mai kauri kamar tamfol. Ya sa, ya durƙusa, ya miƙe, sannan ya hau bencin mai kaya ya ware ƙafafu kamar yana bisa babur, don ya ga ko bakin wandon zai ɗage ya bar idon sawu a waje. Bai ɗage ba. Washegari ya kai wa wani baduku a Tsibiri, ya ɗinka masa jar fatar akuya ninki biyu a gwiwoyi da kwatangwalo, da cikin ƙafar dama tun daga gwiwa har ƙasa, wato gefen da salansa take. Bakin ƙafafun kuma ya sa aka tsuke don kada sarƙa ta kama.

Wandon nan muni ne da shi, ba zan ɓoye muku ba. In ya tuɓe ya jingina shi, tsayuwa yake da kansa. Abokan aikinsa suka sa masa suna Buhu, in ya shigo tasha sai ka ji "Buhu ya iso, a ba shi hanya." Cikin bazara, lokacin da kowa ke neman abin da iska za ta ratsa, shi yana ciki gumi na bin ƙafarsa. Barira ta ce ranar wankinsa ba ta iya daka. Amma sau biyu ya sake faɗuwa da shi a jikinsa, ya tashi ya kakkaɓe ya ɗauki fasinjansa. Na biyun a kan kwalta ne, na ga fatar gwiwar da idona ta goge har ta yi fari, tasa gwiwar kuwa ko ƙwarzane babu. Na faɗi wannan ne don kada wani cikinku ya yi mini uzuri ya ce ban san amfanin wandon ba. Na sani sarai. Akwai kuma dokarsa guda da kowa ya sani: duk namijin da zai hau bayansa da babbar riga, sai ya tattara ta ya zauna a kai. Wanda ya ƙi, ko wane ne, sai ya nemi wani babur.

Ana haka aka ce ɗan takararmu zai shigo Maraɗi ta hanyar kudu, mu ƴan babur za mu tarbe shi a Jiratawa mu rako shi gari. Alhaji ya kawo dilolin yadi mai sheƙi da santsi, an buga hoton ɗan takara a jiki. Teloli suka duƙufa, kowane ɗan babur riga da wando mai faɗin ƙafa, ni kuma babbar riga saboda ni ne Shugaba. Da zai ba ni namu, Alhaji ya ja ni gefe.

"Ƙanenka shi zai shiga gaba, kai kana bayanshi. Amma don Allah kada ya zo muna da buhun nan nashi. Masu hoto za su zo."

Mutanen da ke wurin suka yi dariya, ni ma na yi, amma ciki na ji kunya kamar ni aka zaga. Bayan la'asar na ɗauki kayan na kai gidan Rabe. Na tarar da shi a tsakar gida yana wanke babur, Barira tana tankaɗe, Inna tana zaune bisa tabarma tana gyaran zogale. Ya goge hannu ya karɓa, ya shafa yadin. Sai na ga ya zaro zare ya laluba aljihu. Kafin ashana ta taɓa shi sosai zaren ya naɗe, ya yi baƙi, ya ɗiga ƙasa. Warin ya cika wurin.

"Yaya, rigar zan sa. Wandon a bar ni da nawa."

"Ba ka isa ba."

"To in sa nasu bisa nawa."

Na ce ya gwada. Ya shiga ɗaki ya fito kamar matashin kai da aka cusa wa auduga fiye da kima, jar fatar tana leƙowa ta cikin yadin, hoton ɗan takara ya kumbura a gwiwa. Barira ta kalle shi ta kasa daurewa, ta kife fuska cikin faifai tana ƙyalƙyala dariya. Dariyar nan ce ta ƙarasa ni. Na ga Maraɗi gaba ɗaya tana yi mini irinta. Na hau shi da faɗa, na ce mutum arba'in sun karɓa sun yi godiya, shi kaɗai ne mai jini a jika? Tafiyar da za a yi a hankali kamar rakiyar amarya, ina faɗuwa a ciki? Ni zai kunyata gaban Alhaji, ranar da Allah ya nufa a san da zaman gidanmu?

Kun san ni ne ɗan farin Inna, ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye in akwai wani a wurin. Ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Barira, ki ce ma wancan mai sarauta, yaron ya san aikinshi. A bar shi."

Ni kuma, Allah ya yafe mini, na ce:

"Barira, ki ce ma Inna wanga zancen maza ne."

Sannan na juya wajen Rabe na fito da makamin da na san ba ya iya karewa.

"Da Baba ne ya ce ka sa, za ka tsaya ƙyasta ashana? Ko don ba shi da rai ne ni ban isa ba?"

Ya daɗe yana kallon ƙasa, inda baƙin ɗigon nan yake. Sannan ya ce to. Ya koma ɗaki ya tuɓe nasa.

Ranar tarba zafi ake kamar me. Da zan hau ya waiwayo ya ce in tattara rigata, na tattara na zauna a kai, muka isa Jiratawa lafiya. Tun hantsi muke jira har azahar ta wuce. Makaɗa na kiɗa, mata na guɗa, ƴan babur kuwa don a san sun zo ba su kashe injina ba, sai murza mai suke suna zagaye fili, salansa ta yi zafin da ko tofa mata yawu ka yi sai ta yi ƙara. A gindin wata bishiya can gefen hanya akwai wasu samari na ɗaya jam'iyyar, riƙe da tutarsu, suna yi mana ihu muna rama musu. Iyakar abin da suka yi ke nan. Da motar ɗan takara ta iso muka jeru, Rabe a gaba. Wata buɗaɗɗiyar mota ta sha gabanmu, mai hoto yana tsaye a bayanta ya juyo yana fuskantarmu. Ina ganin ya ɗaga abin hoton nan, sai na ji zama bai kamace ni ba. Na miƙe bisa matakan babur, na ɗaga hannu biyu, na baza babbar rigar don hoton da ke ƙirjinta ya fito sosai.

"Yaya, rigarka!"

Sau biyu ya faɗa. Na ji shi duka biyun.

Abin da na sani kawai, an fizge ni ta wuya, tayar baya ta ƙame, muka kife ta dama. Ni na gangara cikin rairayi, rigar ta yage ta bar ni, ko targaɗe ban yi ba. Rabe babur ya danne, na bayanmu kuma ya kasa tsayawa ya hau bisa namu. Na ji ƙarar ƙashin. Kafin a janye babur na sama a ɗaga namu, salansa tana kwance a kan ƙafarsa ta dama, daidai inda baduku ya ɗinka fata a wandon da ke rataye a gida. Da aka ɗaga, babu yadi a wurin, babu fata. Wani baƙin abu ne kawai ya narke ya shige nama tun daga gwiwa har idon sawu. Warin kuwa na san shi, shi na shaƙa a tsakar gidansa.

Can baya wani ya ƙwala ihu, "Jifa ne! Sun jefe shi!" Har yau ban san ko wane ne ba. Ƴan babur suka yi kan samarin nan, su kuma suka zubar da tuta suka faɗa cikin gonaki. Hankalin kowa ya koma can. Ni kuwa, ƙanena yana kwance yana cizon hannu, na durƙusa wajen taya na warware tsumman rigata daga cikin wayoyinta, na dunƙule na cusa a aljihun wando. Wannan shi ne aikin farko da na yi. Alhaji ya iso yana haki.

"Shugaba, jifa ne ko?"

"Haka suka ce, Alhaji."

Rabe yana jina. Idonsa biyu.

A wancan lokaci karaya ba a fara kai ta likita, wato asibiti, mai ɗori ake nema, don kowa tsoron yanka yake. Aka kawo shi gida a motar masu hoto. Alhaji ya ce a bar shi nan, ɗan takara zai zo da kansa ya duba shi in ya gama zagayen ƙauyuka, kwana uku, har a rediyo za a faɗa. Na aika bayan Tsibiri aka ɗauko Nomau, wani tsoho cikin Anna, mutanen da ba su salla suna nan kan al'adar kakanni, amma in ƙashi ya karye malami da liman duk wurinsa suke zuwa. Ya shafa ƙafar, ya sa maza biyu suka riƙe, ya ja ya daidaita, ya jera karare ya ɗaure. Da ya gama ya wanke hannu ya kira ni zaure.

"Ƙashi nawa ne, na gama da shi, zai kama. Amma wagga baƙar aba da ta shige nama, ba ta daji ba ce, ban san maganinta ba. Ku kai shi likita su hidda ta. Yau, ba gobe ba."

Na ce na ji. Na sallame shi, na koma ciki na ce za a kai shi bayan ɗan takara ya zo. Barira ta biyo ni har ƙofa ta durƙusa.

"Yaya, don Allah don Annabi. Na ji abin da tsohon ga ya ce."

Na ce mata ta yi haƙuri kwana uku, in babban mutum ya gan shi da idonsa, da motarsa za a ɗauke shi a kai wa dokotoron da ya fi kowa. Rabin zuciyata ta yarda da wannan. Ɗaya rabin kuwa ta san gaskiya: in aka kai shi likita, can ɗan takara zai je, ba gidanmu ba, ni kuma na riga na sa an share ƙofar gida an aro kujeru.

Kwana uku suka zama biyar. A na biyu zazzaɓi ya rufe shi. A na uku ɗakin ya fara wari, Barira ta riƙa zuba turaren wuta har hayaƙin na sa masu gaisuwa tari. Masu gaisuwa kuwa ba su yanke ba, kowa ya zo sai ya tsine wa masu jifa, ni ina zaure ina amsa sannu. Inna ta daina aiko mini da magana ko ta bakin Barira. In na shigo sai ta tashi ta koma bayan ɗaki. A rana ta huɗu na leƙa, Rabe ya kira ni da hannu.

"Yaya, ba ni jin yatsuna."

"Ɗori ne ya matse. Gobe yana tahe."

Ya zo ranar ta biyar da hantsi, da motoci da makaɗa, unguwa ta cika. Ya shiga ɗakin, na ga ya fito da hankici ya kai hanci. Ya kama hannun Rabe aka ɗauki hoto, ya yi magana mai daɗi a kan masu jifar ƴan'uwansu don bambancin ra'ayi. Da zai fita sai ya sunkuya.

"Ka gane wanda ya jefe ka?"

Ni ina bakin ƙofa. Rabe ya dubi rufin ɗaki.

"Ban ga kowa ba, ranka ya daɗe. Gabana nike kallo."

Bai yi ƙarya ba, bai kuma tona ni ba. Ɗan takara ya yi addu'a ya fita, zamansa duka bai kai a sha ruwa a ajiye kwano ba. Motar da na yi wa Barira alkawari ba ta tsaya ba, ta bi sauran. Ƙurarsu ba ta gama kwantawa ba Barira ta yafa zane ta fita, ba ta nemi izinin kowa ba, ta dawo da mai amalanke. Ita da maƙwabta suka ɗora shi. Ni na bi su a baya da ƙafa, ba wanda ya ce in zo, ba wanda ya ce in koma.

Dokotoron da ya karɓe mu ya kwance kararen, ya kau da kai, ya tambaya yaushe abin ya faru. Barira ta ce yau kwana biyar. Ya tambaya wa ke da mara lafiya. Na ce ni. Ya ce wanda ya yi ɗorin ya san aikinsa, ƙashin ya zauna daidai. Da a ranar aka kawo shi, wankewa za su yi su cire ledar, ya yi jinya ya tashi da tabo. Yanzu naman ya mutu, kuma abin yana hawa sama. Ko ƙafar, ko mai ƙafar. Aka kawo takarda aka ce babban gida ya sa hannu. Ban iya rubutu ba, sai aka shafa mini tawada. Da wannan babban yatsan na dangwala, aka yanke ta saman gwiwa.

Sauran kun sani. Jam'iyyu suka ƙulla suka kwance, waɗanda muka yi wa ihu suka zama abokan tafiyarmu, daga baya soja suka dawo suka share kowa. Alhaji ya koma kan kamyonsa, ni na koma Lawali mai hatsi. Aka sayar da babur, Rabe ya kafa teburin esansi, wato man fetur, cikin kwalabe a bakin hanyar Tsibiri, yana facin taya a gefe. Hatsin gidansa daga rumfata yake fita, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yabon da ake mini a kai. "Allah ya ba kowa wa irin Lawali," haka ake cewa a unguwa, ni kuma in sunkuyar da kai a ɗauka tawali'u ne. Barira ba ta taɓa rage mini gaisuwa ba har ta koma ga Allah, amma tun ranar ba ta ƙara sakin fuska a gabana ba. Rabe kuwa bai canja mini ba ko kaɗan. Yaya sama, Yaya ƙasa. Na sha shirya abin da zan ce masa, in tafi teburinsa, in zauna, mu yi zancen tsadar mai in taso. Tsoro nake ji, in faɗa muku gaskiya. Ina tsoron ya ce ya yafe, ina tsoron ya ce bai yafe ba.

Sau ɗaya tak ya taɓa zancen. Azumin farko bayan an sallamo shi ne. A gidanmu babba ke yanko yadin Salla na maza, tela ya zo zaure ya auna kowa. Malam Idi tela ya zo da igiyar awonsa a wuya, ya auna ni, ya auna baffanninku biyu da suka zo daga Jiratawa, sannan ya iso kan Rabe yana zaune bisa kujera, sandarsa a jingine. Ya auna kafaɗa, ya auna hannu, ya auna ƙugu, ya auna ƙafar hagu har idon sawu. Sai ya tsaya. Ya rubuta, ya goge, ya gyara hula, ya yi tari. Dattijo ne mai kunya, ya rasa ta inda zai fara.

"Malam Rabe, wandon... ƙahwa biyu za a yi, ko a rage guda?"

Rabe bai ɗaga murya ba, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya nuna ni da haɓa.

"Tambayi Yaya. Shi ka zaɓa mani wando."

Baffanninku suka ɗauka ladabi ne, har ɗaya ya ce Allah ya yi albarka. Malam Idi ya juyo gare ni yana jira. Da kyar na samu na ce a yi biyu, don ban iya cewa ɗaya ba.

Haka aka riƙa ɗinka masa har ya bar duniya. Kowace safiya sai ya naɗe ƙafar wandon da babu kowa a ciki, ya kai ta sama ya soke da fil. Da yawanku kun sha durƙusawa a gabansa kuna taya shi naɗewa. Yanzu kun san wanda ya sa ku durƙuson.